Matar Da Ta Daina Cewa "Ba Komai"

Kafin a buɗe ƙofar asibitinmu ta riga ta iso. Sai ta ɗaura gyale a ƙugu, ta cika bokiti, ta fara goge ƙasa daga ɗakin jiran mata har bakin ɗakin magani. Ni nas ce, a nan na same ta, da sunan da aka laƙaba mata: Inna Ba-Komai. Ka taka inda ta goge, ba komai. A jibga mata aikin wadda ba ta zo ba, ba komai. 'Ya'yanta kan zolaye ta cewa ko rufin ɗaki ne ya faɗo mata, amsar ke nan.

Da wannan kalma ta danne wani ƙulli da ya fito mata a nono, har ranar da ta yanke jiki ta faɗi a gefen bokitinta. Aka yi aiki aka cire nonon, Allah ya sa da sauran kwana. Da na je duba ta, ta faɗa min abin da har yau yake sosa min rai: sai yanzu da furfura ta rufe mata kai ta gane ba haƙuri take yi ba, tsoro ne, tsoron kada a ce ta dami mutane.

Ta dawo aiki tana gogewa tana kasa kunne. A gabana aka yi lamarin wata matashiya da ta kawo jaririnta rigakafi, tana ta dafe gefen ƙirji tana cije leɓe. Inna ta tambaye ta ko lafiya, ta ce ba komai. Inna ta jingine sandar goge ƙasa, ta zauna, ta kama hannun matar ta ɗora a nata ƙirjin, wajen da aka cire nonon ya zama shafaffe.

"'Yata, kin ji? Ga 'ba komai' nan. Tashi mu shiga wajen likita."

Irin cutar Inna ce, amma an gano ta da wuri. Jaririn nan yanzu da gudunsa, kuma uwarsa ce take biye da shi tana masa faɗa.

Inna, ke ce kika koyi buɗe baki a shekarun da wasu ke cewa an gama koyo, kika kuma buɗe na wasu. Yau da kike ajiye bokiti, mun gode. 'Yan uwa mata, ku yi koyi da ita, ku faɗi inda ke muku ciwo, ku kuma sake tambayar wadda ta ce ba komai.

Da muka yi mata godiyar, bakinta ya fara ɗauko tsohuwar amsa. Sai ta tsaya, ta share hawaye.

"Na karɓa," in ji ta. "Na cancanta."