Dakta Fuatino, Wadda Ta Zauna Kallo Tare Da Mu

Ranar Talata, tara ga watan Yuli, labari ya iso mana tsibirin Savai'i cewa Dakta Fuatino Leota ta rasu a Apia, babban birnin ƙasarmu, bayan gajeriyar jinya.

Goggo Fua, ina 'yar makaranta kika sauka ƙauyenmu da bincikenki a kan yadda waya da talabijin ke sauya tunanin yara. Mun zaci faɗa za ki yi mana. Sai kika tuɓe takalmi, kika kutsa tsakaninmu a kan tabarma gaban talabijin, kika ce, "Ku matsa mini, 'yan rowa, ku kaɗai kuka iya kallo?"

A irin wannan zama kika gano abin da ya ɓace wa iyayenmu. Mu 'yan mata mun daina cin gwaza da madarar kwakwa, aladu muke zuba wa a ɓoye, don mu rame kamar matan da muke gani a waya. Da ƙawata Sinalei ta yanke jiki ta faɗi a coci, dattawan ƙauye suka ce a ƙwace wayoyinmu gaba ɗaya. Kika durƙusa gabansu kika ce, "Iyayena, ko kun ƙwace, hotunan suna nan cikin kansu. Ku bar su su ɗauki nasu."

Kika watsa mu cikin gari muna ɗaukar bidiyon kakanninmu a wurin saƙar tabarma da kamun kifi da rawa. Ranar da aka haska fim ɗin, zauren coci ya cika har taga. Sai ga kakar Sinalei a jikin bango, ƙatuwa, tana sheƙi da man kwakwa, tana taka rawa. Zaure ya kaure da shewa! Tsohuwar ta miƙe ta ce, "Wace ce wannan kyakkyawar? Maza a nemo mata miji!" Sinalei ta yi dariya har da hawaye, kuma a gaban kowa ta cinye abincinta tas. Dattawa suka janye hukuncinsu.

Yau Sinalei malamar asibiti ce, ni kuma ina gabatar da shirin matasa a rediyo. Duk daga hannunki ne.

Allah ya jiƙan ki, ya yafe miki kurakuranki, ya ba ki hutu madawwami. Ga maigidanki Tavita, da 'ya'yanki, da ɗalibanki, Allah ya ba ku haƙuri. Mu ma uwa muka rasa.