Birkin Gaba: Jinjina ga Malam Gudaji Bakanike

Har zuwa ƙarshen watan jiya, duk wanda ya bi ta bayan tashar Gumel da sassafe zai tarar da Malam Gudaji ya share ƙarƙashin rumfarsa, ya shimfiɗa buhu, yana jera sifanunsa daga ƙarami zuwa babba. Shekara talatin da huɗu yana gyaran babur a wurin. A 'yan shekarun nan da yatsu yake jera su, don yanar ido ta rufe masa na dama gaba ɗaya, na hagun ma dishi-dishi yake gani da shi. Shi ya sa ya ce ya gama. Bakanike ba ya samun takardar sallama, ba a kafa masa rumfar biki, don haka na ce bari dai a rubuta wani abu kafin a manta.

Duk babur ɗin da aka turo masa, ko fulogi kawai aka zo canzawa, sai ya fara miƙa hannu ya matse birkin gaba. In ya ji ya tafi salalam bai kama komai ba, sai ya ajiye sifana ya ce, "Sai an gyara wannan zan taɓa inji." Ka roƙe shi, ka zage shi, ka ce sauri kake yi, duk ɗaya. 'Yan acaɓa suka laƙaba masa Baba Birki, ba kuma don ƙauna suka fara kiransa haka ba.

Wanda ba ɗan ƙasar nan ba ne ba zai gane rigimar ba. Hanyoyinmu na ƙauye yashi ne zalla, kuma kowa ya tashi ya ji ana cewa birkin gaba shi ke kayar da mutum a cikin yashi. Saboda haka ranar da mutum ya sayi babur, tun kafin ya kai shi gida a sa masa albarka, sai ya biya wajen bakanike a sassauta notin birkin gaba, ya koma ado. Sai ka ga magidanci ya ɗora buhu biyu da matarsa da goyonta, duk rayukan nan ya rataya su a kan 'yar sandar ƙarfe guda ta birkin baya. Ba wanda ya yi mana wannan, mu muka yi wa kanmu, har muna ganin wayo ne.

Yahuza, mai kawo tumatir daga Gagarawa, ya sha ba da nasa labarin. Ya zo canza baƙin mai, Malam Gudaji ya tsare shi sai da aka ɗaure masa birkin gaba, ya tafi yana ƙunƙuni. Sati uku bayan haka sandar birkinsa ta baya ta ɓalle, ga amalanken shanu ya gindaya masa a hanya. Ya ce shi bai ma san ya matse na gaban ba, sai ganinsa ya yi tsaye, hancin ɗaya daga cikin shanun yana hura masa iska a gwiwa. Ya kawo kwandon tumatir na godiya. Malam Gudaji ya ce, "Kai wa iyalinka, su ne suka kusa yin asara."

Mutane sun ɗauka taurin kai ne irin na tsofaffi. Ba su san abin da ke cin sa ba.

Yana da aboki, Ubale, tare suka tashi a unguwa ɗaya, kwano ɗaya. A shekarar 2003 Ubale ya sayo babur na hannu daga Maigatari, an ƙetaro da shi daga Nijar. Wata Laraba da yamma ya kawo shi rumfa ya ce a sassauta masa na gaba. Malam Gudaji ya ce a bar shi haka. Ubale ya yi dariya ya ce, "Kai ne za ka hau ko ni?" Suka yi ta ja, har dai Malam Gudaji ya ɗauki sifana ya juya notin. Washegari Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, garken shanu ya ratso kwalta, Ubale ya taka birkin baya, sandar ta karye. Babur ya zame cikin yashi, shi kuma kansa ya bugi kwalbati. Aka yi jana'iza, kowa ya ce kwana ne ya ƙare, haka ɗin ne kuwa. Amma Malam Gudaji ya san hannun da ya juya notin nan, bai kuwa gaya wa kowa ba, har matarsa. Shekara ashirin da biyu in ya hango Rakiyya, matar marigayin, sai ya gaishe ta kansa a ƙasa. Tsoronsa biyu ne, kada ita da ɗanta su sani su tsane shi, kada kuma ya mutu ba su sani ba.

Saura kwana ashirin ya sauke rumfa, sai ga a-daidaita-sahu ta tsaya, an sauke wani tsohon babur, tayoyi a sace, kashin kaji ya bushe a kan tanki. Wanda ya kawo shi Siddiq ne, ɗan Ubale, magidanci yanzu, an tura shi koyarwa wata firamare a wajen Ɗanzomo, kuɗin mota kullum ya fi ƙarfinsa.

Ya durƙusa ya gaisa, ya ce, "Baba, na mahaifina ne. Tun rasuwarsa yake jingine a bayan ɗaki. Ko zai tashi?"

Malam Gudaji bai buƙaci ido ba. Yana shafa lotsawar da ke jikin tankin ya gane shi. Ya ce, "Bar shi, mu ga abin da Allah zai yi."

Ɗantsoho mai faci, maƙwabcinsa na rumfa, shi ya lura da abin mamakin. Ya leƙo ya ce, "Ikon Allah, yau Baba Birki ne ya fara da inji?" Malam Gudaji ya ci gaba da aikinsa. Gaskiyar magana tsoro yake ji. Hannunsa ya ƙi zuwa tayar gaba.

Aikin kuwa ba na wasa ba ne. Fistin ya maƙale, sai da ya cire fulogi ya ɗura baƙin mai da kananzir ya bar shi kwana uku yana sha, kullum ya ɗan motsa shi kaɗan kamar mai lallashin maras lafiya. Tanki ya yi tsatsa, ya zuba tsakuwa da fetur ya yi ta girgizawa har kafaɗunsa suka yi tsami. Ya kwance kafireto a kan farin ƙyalle don kada ƙananan kayan cikinsa su ɓace masa, ya bi kowace kafa da siririyar waya, yana hurawa da baki yana sauraron iska. Ɓeraye sun cinye wayoyin wuta, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, Ɗantsoho yana faɗa masa launinsu. Rana ta tara ya buga kik, shiru. Ya sake, babur ya yi tari. A na bakwai ya kama, hayaƙi ya turnuƙe rumfar, 'yan acaɓa suka yi ta tafi. Siddiq, da ya zo duba aikin, ya juya baya yana goge ido, ya ce da wannan ƙarar yake gane babansa ya dawo gida.

Ya miƙa hannu zai kama kan babur ɗin, Malam Gudaji ya kashe inji ya ce, "Tukuna."

Ya durƙusa gaban tayar gaba, ya laluba. Notin yana nan inda ya bar shi, tsatsa ta kama shi. Ya bi zaren ƙarfen da farce yana ƙirgawa. Juyi shida. Da ya ga dama sai ya ɗaure shi ya yi shiru, ba mahaluƙin da zai taɓa sani. Ya kwance shi, ya jefa a aljihu, ya ce, "Siddiq, bayan la'asar ka raka ni wajen mahaifiyarka."

Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, Rakiyya ta zauna daga bakin ƙofar cikin gida, Siddiq yana gefe. Bayan gaisuwa ya ciro notin ya ajiye a kan tabarma. Ya faɗa musu komai, bai rage ba, bai kuma ɗora wa mamaci laifi ba. Ya ce, "Da birkin gaba yana kamawa, wataƙila da ya tsaya. Ni na sassauta shi da hannuna. Ban zo in wanke kaina ba, na zo ne ku sani tun ina da rai."

 Rakiyya ta ce, "Malam Gudaji, ai na sani."

Ya ɗago kai.

Ta ce, "Ranar Larabar nan abokinka ya shigo yana dariya, ya ce yau sai da ya yi da gaske kafin ka yarda ka taɓa masa birki. Ya ce wai ka fiye tsoro. Na ga yadda kake sunkuyar da kai in mun haɗu, sai na ce in na ɗaga maganar zan ƙara maka ciwo ne. Ashe shirun nawa ne ya fi cutar da kai. Ka yafe mini." Ta gyara mayafi. "Ni na ce da yaron nan kada ya kai babur ɗin ko'ina sai wajenka. In ba hannunka ne ya ɗaure birkin ba, ba zan bar shi ya hau ba."

Dattijo ɗan shekara sittin da bakwai ya rufe fuska da hannun riga ya yi kuka. Wannan abin tausayi har ina. Shekara ashirin da biyu, tsakanin gidajensu bai fi tafiyar minti biyar ba, kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa magana ɗaya don kada ya ɓata masa rai.

Siddiq kam ba a ranar ya iya haɗiye ta ba. Ya tashi ya fita, ba kuma wanda zai ga laifinsa. Malam Gudaji ya sa sabuwar wayar birki, ya canza takalman birkin da ke kama taya daga ciki, gaba da baya, ya sa sabuwar sanda, ya lulluɓe babur da buhu. Kwana uku yana zaune, duk takun da ya ji sai ya juyo. Rana ta huɗu Siddiq ya yi sallama, ya durƙusa, ya ce, "Baba, koya mini yadda ake kama na gaba a cikin yashi." Suka tura babur zuwa fili a bayan gari. Ƙafa ta riga hannu, yatsu biyu kawai, a hankali, kan babur a miƙe. Suka yi ta maimaitawa har rana ta yi sanyi. Maganar zaure ba wanda ya sake tayar da ita.

Malam Gudaji, kai ne ka yi kuskure sau ɗaya, irin wanda kowane bakanike a ƙasar nan yake yi kullum ya kwana lafiya, amma kai ka hana kanka sakat. Kai ne aka zaga, aka ɗauke maka ciniki zuwa wata rumfa, ba ka sassauta ko juyi ɗaya ba. Akwai magidanta a Gagarawa da Sule Tankarkar da ke cin tuwo da 'ya'yansu yau saboda gardamarka, yawancinsu ba su ma sani ba. Da na ce zan rubuta wannan ka ce in sa har da notin, kada in ɓoye. Na sa. Mun gode, Baba Birki. Allah ya saka maka da alheri, ya ba idanunka lafiya, ya jiƙan Ubale.

Ku kuma masu sifana a hannu, daga Gumel har Maigatari, gobe wani zai turo muku sabon babur ya ce a sassauta masa na gaba. Ku ƙi. Zai yi fushi, ya yi ta yi, gara ku gan shi yana gaba da ku a kasuwa da a kira ku ɗaukar makararsa.

Yanzu Malam Gudaji a ƙofar gida yake yini. Da misalin ƙarfe takwas saura na safe zai ciro 'yar wayarsa ya riƙe a tafin hannu, ko karyawa ba ya yi. Ba ya ganin sunan mai kira, ba ya kuma tambaya. In ta yi ƙara sai ya kara a kunne, daga can Ɗanzomo a ce, "Baba, na isa lafiya."

Sai ya ce alhamdu lillahi, a miƙo masa kokonsa.