Jadawalin Malam Abdulƙadir da Awakinsa Uku

Shekara talatin da biyar Malam Abdulƙadir ya yi yana koyarwa, goman ƙarshe yana hedimasta a wata firamare can wajen Bagwai. Katangarmu ɗaya, kuma taubashina ne, ɗan gwaggona, don haka duk abin da na faɗa a kansa ba mai kai ni ƙara.

Mutum ne da bai iya zama ba. Tun da matarsa Barira ta rasu gidan ya yi masa girma. Ya share tsakar gida, ya leƙa gona, ya dawo ya duba agogo kamar ana jiransa a wani wuri. Da aka ba da dogon hutun damina sai ya dami 'yarsa Fauziyya da waya, har ta kawo masa jikoki uku daga Kano: Muhsina mai shekara takwas, Mudassir mai shida, da 'yar mitsitsiyar Tahira. Ta kan katanga na ji sharaɗin: "Baba, ranar Juma'a zan dawo. In na tarar suna kukan gida, da su zan koma."

Tun ba ta kai bakin titi ba ya samo kwali ya zana jadawali, ya manna a jikin rumbu. Ƙarfe shida karatun allo, bakwai koko, takwas lissafi, biyu barcin rana. Har wasa sai da ya yanka masa minti arba'in. Ya rataye tsohon bakin garma a darbejiya, wai ƙararrawa.

Abin da Hedimasta ya manta, ɗalibi daban, jika daban. Bugun farko Muhsina ta leƙo tana murza ido.

"Haba angona, haka ake tashin amarya?"

Mudassir ya ce, "Tsoho, ka ƙara bugawa in ƙwace gidan, in haɗa da gonar."

Mutumin da yara ɗari huɗu ke tsit in ya yi tari, ga shi tsaye da ƙarfe a hannu, ba damar duka, ba damar fushi. Kaka ne.

Talata ruwa ya sauko ana tsakar lissafi, ya wanke rabin jadawalin. Yara suka yini a ɗaki suna tsalle a kan gado, Tahira na kiran mamanta. Da na miƙa musu tuwo ta katanga sai Malam ya matso.

"Hure, saura kwana uku fa."

Na ce, "Ƙara musu lissafi, Hedimasta, ai shi ke sa yaro son ƙauye."

Laraba ƙarfe biyu, lokacin barcin rana, mutum ɗaya ne ya bi doka: mai jadawalin. Yaran suka zagaya bayan ɗaki suka tarar da awakinsa uku a turke suna ta kuka. Tausayi ya kama 'yan birni, suka kwance su. Nan kuwa kowa ya sani, daga shuka har girbi ba a sakin dabba, don gona daga gindin katanga take farawa. Gonar da ke gindin tasa katangar kuwa tawa ce, wake ya fara yaɗo.

Ihuna ne ya tashe shi. Na ga Hedimasta ba hula ba takalmi yana bin jar akuya cikin kunyoyin wake, jikoki na bayansa suna shewa, ya zame ya tashi, ya sake zamewa. Wallahi da ba wakena ba ne da na zauna na yi kallo.

Da aka mayar da su turke na tara yaran. "Kun san abin da suke wa kuka? Yunwa. Tunda kuna tausayinsu, daga yau cikinsu a wuyanku yake."

Na ba kowa kwando. Malam ya riƙe lauje yana yanka, suna kwasa. Washegari ba a taɓa garma ba, jar akuyar ce ta tashe su. Suka sha koko a tsaye, suka fita ciyawa, suka dawo suka dama dusa. Gajiya ta zaunar da su gindin darbejiya, har allon ya samu shiga. La'asar ta yi, awaki suka sake kira.

Juma'a tun hantsi Malam ke safa da marwa a ƙofar gida. Fauziyya ta iso ta ga ƙafafu duk taɓo, ga Tahira na sosa wuya saboda ƙaiƙayin ciyawa. Ta ce, "Ku ɗauko jakunkunanku."

Malam ya sunkuyar da kai. Tahira ta rungume kwandonta.

"Mama, to wa zai ba jar akuya abinci? Shi tsohon nan barci yake yi."

Fauziyya ita kaɗai ta koma Kano.

Da yamma sai ga shi a katanga da sabon kwali da biro a kunne.

"Hure, ke da kunnenki ba ya hutawa, ƙarfe nawa daidai jar take fara kuka?"