Ranar da Gangar Maigidana Ta Fito da Maza

Shekarun baya, lokacin da ake aikin dam ɗin Bakolori, muna zaune a wani ƙauye a bakin gulbi, ƙasar Maradun. Yau kifi ke kwana inda ɗakina yake. Ni ban iya rubutu ba, faɗa nake ana rubutawa, in magana ta karkace ku yi wa tsohuwa uzuri.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, makaɗin noma ne. Kowane manomi a garinmu yana da takensa a bakin gangarsa, wani ma tun na kakansa. Al'adarmu kuwa, in aka kaɗa wa namiji takensa, ko loma ce a hannunsa sai ya ajiye, ya ɗauki kalme, fartanyarsa ke nan, ya nufi gonarsa. Wanda ya ji takensa ya zauna, 'yan mata sun samu waƙar dandali.

A damina guda tallafi biyu suka same shi, kuma lokacinsu ɗaya, dole ya zaɓa. Na farko daga masu kula da al'adu ne. Suka ce za su kai shi Sakkwato da yaran kiɗinsa na ɗan lokaci, a naɗi waƙoƙin noma a ajiye. Abinci da mota da sabuwar fatar ganga, shi ke nan. Na biyu wani ma'aikaci ne ya kawo, mai fara'a, ya ce mutanen da ke tare da masu aikin ruwa suna son hoton majigi na manoman ƙasarmu, kowa a tsaye cikin gonarsa ana yi masa kiɗi. Aikin 'yan kwanaki ne, a gida, kuma akwai keke sabo da babbar riga. Har ya leƙo zaure ya ce uwargida ma tana da kwanonin langa.

To, a lokacin mazan garin sun haɗa baki. Masu awon gonaki sun sha zuwa, ba wanda ya fita, don sun ce ba mai tsayawa a gonarsa a auna ta sai an nuna musu inda za a mai da su. Awo kuwa ba ya yiwuwa sai mai gona ya tsaya a kanta.

Sarkin noman garinmu abokin maigidana ne tun suna yara. Ya zo ya duba keken da ma'aikacin ya bari, ya ce, "Wanga abu ya cika ƙyalli. Mai son hoto, mi ya kai shi tambayar gonar wane daga ina ta fara?"

Maigidana ya yi dariya, ya ce, "Hassada ta ishe ka, tsoho. Ko a baya ba ka hawa."

"Ka tahi Sakkwato, na ce maka."

"In tahi in yi wa akwati waƙa? Akwati na yin kirari?"

Da ya shigo ya tambaye ni, na ce, "Maigida, Sakkwato da nisa." Gaskiya ba nisan nake gani ba, kwanonin nan nake jerawa a raina, har na zaɓa musu bango.

Ranar da aka sa, da hantsi, ya saɓa ganga ya fita. Ya fara da taken sarkin noma. Mutumin nan ya fito yana girgiza kai, amma ya fito, don bai taɓa jin takensa ya zauna ba. Daga nan ɗaya bayan ɗaya, tsofaffi da samari, kowa da kalmensa yana kirari yana nufar gonarsa. Mu mata muna ta guɗa. Mai hoto yana gaba. Sai da kowa ya tsaya a kan tasa, wata mota ta ɓullo daga bayan kuka, masu awo suka sauko da igiyoyinsu. Kafin azahar an gama abin da aka daɗe ana nema.

Maigidana ya dawo bai iya cin abinci ba. Ya ce, "Wallahi ban sani ba." Na yarda, don na san shi. Gari ne bai yarda ba.

Ruwa ya zo, aka kwashe mu zuwa wani tudu mai tsakuwa. Majigin nan ba mu taɓa ganinsa ba. In maigidana ya shiga kasuwar Talata Mafara sai ya ji ana cewa, "Ga mai kiran ruwa nan." Ya kai keken Bakura ya rabu da shi, bai canza komai ba.

Da damina ta sake zagayowa ya ce bari ya gwada, ko a yi gayya a tudun nan a huce. Ya tsaya a fili ya kaɗa, ya kaɗa. Ba ƙofar da ta motsa. Ƙarshe ya kaɗa taken abokinsa. Sarkin noma ya fito hannu rabbana, ya tsaya a gabansa, ya ce a hankali, "Na ji, ga ni. Wace gonar za ni?"

Ranar maigidana ya rataye gangar. Masu al'adu sun sake aikowa daga baya, ya ce su yi haƙuri, waƙoƙinsa duk sunayen gonaki ne, gonakin kuwa suna ƙarƙashin ruwa. Haka ya rasu, ba a naɗi muryarsa ko sau ɗaya ba.

Yanzu ina jin yara masu waƙa da masu zane suna ta maganar tallafi, wanne ya fi tsoka. Ni dai abin da na sani, kafin ka dubi abin da za a ba ka, ka tambayi mai bayarwa me zai yi da abin hannunka in kun rabu. Mu ba mu tambaya ba, kuma shi mai fara'ar nan ya sani sarai ba za mu tambaya ba. Har yau in na tuna dariyarsa a zaurenmu zuciyata tafasa take.

Ban ce da ya tafi Sakkwato gonakinmu za su tsira ba. Ruwan nan da shi da ba shi sai ya ci su. Amma da ya ƙare kwanansa yana yi wa mutane sallama suna amsawa.