Saje Habila da Akwatin Zaɓen Gyaɗi-Gyaɗi

Duk wanda ya zauna a Gyaɗi-Gyaɗi a wancan zamani ya san Saje Habila. Ko bai san sunansa ba, ya san tafiyarsa: dogon mutum, baƙi, yana ɗan jan ƙafar hagu, takalminsa kullum a goge kamar mai zuwa fareti. Mahaifinsa mutumin Kagoro ne, aikin asibiti ya kawo shi Kano. A nan aka haifi Habila, a nan ya yi firamare, Hausar bakinsa ta Kano ce tsantsa, har in ya je gida Kirsimeti 'yan'uwa sai su riƙa kiransa Bakano. Yana ɗan shekara goma sha tara ya shiga soja, aka ba shi tuƙin babbar mota, ya yi shekara ashirin da huɗu a bayan sitiyari.

A duk tsawon shekarun nan bai taɓa jefa ƙuri'a ba. In an yi zaɓe yana bakin aiki, in ba a yi ba kuwa, to masu kaki irin nasa ne ke kan mulki. Abin bai taɓa damunsa ba sai da ya je Laberiya.

A shekarar 1996 aka tura bataliyarsu can cikin rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma. Ya tarar da ƙasar da yaƙi ya cinye, gidaje ba rufi, gonaki sun koma daji. Aikinsa na farko shi ne kwasar bindigogin da mayaƙa ke miƙawa bayan an yi sulhu. Ya sha faɗa cewa ya ɗauki siminti, ya ɗauki shinkafa, ya ɗauki gawa, amma bai taɓa ɗaukar kayan da ya sa shi waƙa a hanya kamar waɗannan ba.

Da daminar 1997 ta kankama aka sa ranar zaɓe, aka ba shi akwatuna ya kai wani ƙauye can arewacin ƙasar. A wannan hanya ce motar ta zame cikin laka ta danne masa ƙafa. Ya ƙi yarda a mayar da shi baya. Aka ɗaure ƙafar da tsumma, mutanen ƙauye suka ɗauki akwatunan a ka, shi kuma ya bi su da sanda.

Ranar zaɓe yana zaune a gindin bishiya da bindiga a cinya, sai ga baƙi biyu, wani tsohon Bature da wata mata 'yar Senegal. Aka ce masa masu sa ido ne daga ƙasashen waje. Ya dube su, ba bindiga, ba ko kulki, daga littafi sai biro. A ransa ya ce, waɗannan me za su tsare? Can da rana wani tsohon kwamandan 'yan tawaye ya zo da mutanensa, ya tsaya daf da inda ake dangwala yatsa yana zare wa jama'a ido. Habila ya gyara riƙon bindiga. Matar nan kuwa sai ta tashi, ta je ta gaishe da kwamandan, ta tambayi sunansa, ta rubuta a gabansa. Mutanen da ke layi duk suka juyo suna kallonsa. Bai yi minti biyar ba ya ja jiki ya tafi.

Mai kula da rumfar zaɓen wata malamar makaranta ce mai suna Korpo, wadda yaƙi ya raba da mijinta da 'ya'ya biyu. Bayan an ƙirga ƙuri'u a gaban kowa, ta kawo masa ruwa, ta yi masa godiya, sannan ta ce, "Soja, kun zo daga nesa kun tsaya mana mun zaɓi shugaba. Ku a gida yaushe kuka zaɓi naku?"

Ba da gatse ta yi tambayar ba, so take ta sani. Habila ya kafa kai yana shan ruwan.

Shekarar da ta biyo baya aka sallame shi saboda ƙafar. Ya dawo Gyaɗi-Gyaɗi wurin matarsa Janet da 'ya'yansu, ya sayi tsohuwar Fijo, ya shiga koyar da tuƙi a wani fili a Tarauni. Matan aure ne suka fi zuwa wurinsa, domin ba ya tsawa, kuma mazajensu sun yarda da shi. Cikinsu har da Hajiya Uwani mai sayar da atamfa, wadda ta kusa rushe katangar wata makaranta sau biyu kafin ta gane birki.

Ana cikin haka aka ba da sanarwar cewa soja za su koma bariki, za a yi zaɓe. Mutanen unguwa suka taɓe baki, don an sha yi musu wannan alkawari. Wata Lahadi aka faɗa a coci cewa ƙungiyoyin farar hula na neman masu sa ido na cikin gida, aikin sa kai. Habila ya ba da sunansa tun kafin a tashi.

Janet ba ta ji daɗi ba. Da suka iso gida ta ce, "Baban Rahila, Allah ya fid da kai daga dajin mutane, yanzu kuma ka zo ka sa kanka cikin rigimar 'yan siyasa? Mu nawa ne a unguwar nan?"

Ya ce, "Maman Rahila, a titin nan aka binne cibiyata. Na tsare wa wasu akwati da ƙafata, in kasa zama kusa da namu?"

Ranar da za a fita kuwa ita ta goge masa riga.

An koya musu aikin cikin kwana biyu. Ƙa'idar da ta fi yi masa nauyi ita ce, mai sa ido ba ya taɓa akwati, ba ya ba da umarni, ba ya kama kowa. Nasa ya gani, ya tambaya, ya rubuta. Ga wanda ya saba da cewa a yi a kuma yi, wannan kamar ɗaure hannu ne.

Zaɓen gwamna ya faɗo cikin watan azumi, ranar Asabar, a farkon shekarar 1999. Aka tura shi rumfar da ke wata firamare a unguwarsu, inda sunansa yake cikin rajista. Mai kula da rumfar Malama Huraira ce, malamar aji huɗu, siririya mai sanyin murya. Da safe aka tantance mutane, kafin azahar aka fara jefa ƙuri'a. Da layi ya zo kansa, Habila ya dangwala yatsa, ya ninke takardar ya jefa. Yana da shekara arba'in da huɗu. Ya daɗe yana kallon tawadar da ke yatsansa kafin ya koma kan bencinsa.

Wajen ƙarfe biyu aka gama. Rana ta yi zafi, baki ya bushe, mata na tunanin girkin buɗe baki, maza suka nufi masallaci. Ɗan sandan da ke wurin ma ya tafi salla. Harabar makaranta ta kusa zama wayam.

A lokacin ne wata bas ta shigo. Lawan ya sauko da mutum uku. Kowa ya san Lawan, babban ɗan gaban goshin ɗaya daga cikin 'yan takara ne a mazaɓar. Ya yi sallama, ya ce da Malama Huraira an ce a tattara akwatuna a kai ofishin mazaɓa, can za a ƙirga, don a sauƙaƙa wa masu azumi.

Ta ce, "Ba haka aka koya mana ba, Alhaji," amma muryarta na rawa.

"Malama, kada ki wahalar da kanki. Sa hannu kawai za ki yi."

Ɗaya daga cikin mutanensa ya ɗora hannu a kan akwatin. Habila ya miƙe. Daga baya ya ce a rayuwarsa bai taɓa jin hannunsa na ƙaiƙayi kamar ranar ba, domin ya san ko da ƙafa ɗaya zai iya kai mutum biyu ƙasa. Ya haɗiye fushinsa. Ya buɗe littafinsa ya ce, "Alhaji Lawan, barka da shan rana. Wane jami'i ne ya ba da wannan umarni? Ina son in rubuta sunansa."

Lawan ya yi dariya. "Haba Saje, mu da kai? Ka koma ka zauna, wannan ba aikin soja ba ne."

"Gaskiyarka, ba aikin soja ba ne. Shi ya sa nake tambaya."

Ya taka zuwa bakin ƙofa, ya karanta lambar bas ɗin da ƙarfi yana rubutawa, ya duba agogo ya faɗi lokaci. Sannan ya buɗe takardar ƙa'ida, ya karanta da muryar fareti inda aka ce a rumfa ake ƙirga ƙuri'a, a gaban wakilan jam'iyyu da duk wanda ya tsaya.

Hajiya Uwani na bakin get tana shirin tafiya, sai ta ji muryar. Ta juyo ta ga abin da ake ciki. Ta ƙwala wa matan da suka yi gaba kira, "Ku dawo! Tuwo ya jira!" Ta zo ta shimfiɗa mayafinta a ƙofar ajin ta zauna daram. Mata suka dawo suka zauna kusa da ita, biyar, goma, ashirin. Wata ta ruga masallaci, aka ci sa'a an sallame, sai ga Malam Inuwa liman da jama'arsa, ɗan sandan na biye.

Malam Inuwa bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Lawan, da bakin azumi? In ɗawainiyarmu kake ji, mun yafe. A ƙirga a nan."

Malama Huraira ta jawo akwatin gabanta. Wannan karon muryarta ba ta yi rawa ba. Ta ce wakilai su matso, ta ɓalle hatimi, ta juye takardun a kan tebur. Tana ɗaga kowace ɗaya sama tana faɗin jam'iyyar, jama'a na amsawa da lamba kamar 'yan aji.

An kai rabi sai ga farar jif ta tsaya. Wata mata 'yar Kenya ta fito da tafinta, cikin masu sa ido na ƙasashen waje. Ta tsaya tana kallon taron da ke ƙirga da baki ɗaya, sannan ta tambayi Habila ko an sami matsala. Ya miƙa mata littafinsa. Ta karanta, ta kwafe lambar motar da lokacin, ta dubi Lawan da ke jingine da bango, ta rubuta wani abu. Ba ta wuce minti goma sha biyar ba, domin rumfuna da yawa na jiranta. Da za ta tafi ta ce da shi, "Ban ga abin da zan ƙara muku a nan ba."

Da aka gama, ɗan takarar Lawan ne ya ci rumfar, da ratar ƙuri'a talatin da ɗaya. Wanda Habila ya zaɓa ya faɗi. Hajiya Uwani ta karkaɗe mayafinta ta ce, "Ka ga wauta, Lawan. Ka zo satar akuyarka da kanka." Dariya ta ɓarke, Lawan ya shige bas ba ko sallama. Wakilai duka suka sa hannu, ba wanda ya yi gardama. Tun safe Habila bai sa ko ruwa a bakinsa ba, don yana jin kunyar sha a gaban masu azumi. Da magariba sai ga kwanon ƙosai da kofin kunun tsamiya daga gidan liman.

Ya san ba ko'ina aka yi haka ba. Ya ji a rediyo yadda masu sa ido suka yi ƙorafi kan wasu wurare, kuma in an tambaye shi ko zaɓen ya yi kyau, ba ya cika baki. Yakan ce, "Ni akwati ɗaya na gani. Wannan kam na san abin da ke cikinsa."

Ya sake fita a zaɓen shugaban ƙasa, ya kuma fita a zaɓuɓɓuka uku da suka biyo baya, har ƙafar ta hana shi dogon zama. Kafin ya daina ya koya wa mutane da dama aikin a Tarauni da Daurawa, Musulmi da Kirista. Malama Huraira ta zama shugabar makarantar.

Zaɓen ƙarshe da ya je, a matsayin mai jefa ƙuri'a kawai ya je, yana dogara sanda. Da aka fara ƙirga ya matsa har jikin tebur don ya gani da kyau. Wata matashiya sanye da rigar masu sa ido, wadda ba ta san ko shi wane ne ba, ta raɗa wa mai kula da rumfar magana, shi kuma ya ce, "Baba, a yi haƙuri a ja baya kaɗan, ba a tsayawa daf da tebur." Waɗanda suka san shi suka fara gunaguni. Habila ya ɗaga musu hannu, ya ja da baya taku uku, ya ƙame ya sara wa yarinyar. Ya koma gida yana murmushi, ya yi ta ba Janet labari.