Farin Ƙyallen da Baƙo Ya Rataya wa Kaka

Duk sanda na wuce ta gaban masu walda, ƙaurin ƙarfen nan ya bugi hancina, sai Baba ya faɗo mini a rai. Da wannan ƙaurin yake dawowa gida kullum daga shagon da yake aiki a Alshajara, cikin Khartum, ya kama rigarsa har sabulu ya gaza. Ina 'yar firamare wani Ba'indiye da ya yaba da aikin hannunsa ya tafi da shi wurin gina madatsar ruwa ta lantarki a wata ƙaramar ƙasa mai suna Butan. Da za ka zaga unguwarmu Kalakla kaf a lokacin, ba za ka sami wanda ya taɓa jin sunanta ba.

Da ya zo hutun farko, kullum da la'asar muna kewaye da shi a tsakar gida yana ba mu labari. Ya ce ƙasar a maƙale take tsakanin Indiya da Sin, duwatsu ne a kan duwatsu, har mutum yakan leƙo ya ga gajimare a ƙasan ƙafarsa. Mu da muka tashi a Khartum, inda ƙasa take shimfiɗe kamar faifai, sai muka ɗauka Baba ya koyo zuƙi ta malle a can. Ya ce suna da sarkin da suke so tsakani da Allah, mazansu na sa riga iya gwiwa da dogayen safa, kuma barkono a wurinsu shi ne miyar kanta, da cuku suke dafa shi. Addinin Buda suke bi. Suna ɗaura ƙyallaye masu launi a kan tsaunuka, wai iska ta kwashi addu'arsu ta kai wa kowa.

Ana cikin dariya bakinsa ya suɓuce, ya ce idan mutum ya mutu a can ƙone shi suke yi.

Kaka, mahaifiyarsa, ta ajiye carbinta. Ta ce, "Ubana da ƙafa ya taso daga ƙasar Hausa zai je Makka, hanya ta riƙe shi a nan. Amma duk namu da ya faɗi a hanya, an san inda ya kwanta. Kai kuma ka je inda ake mai da mutum toka?"

"Yumma, ai ba mutuwa na je yi ba," in ji Baba. Bai sake ɗauko maganar ba, ni kuwa ta riga ta shige ni. Ko hayaƙin murhu na gani sai gabana ya faɗi.

Bayan ya koma, yakan bugo waya kantin unguwarmu lokaci-lokaci, mai kanti ya aiko a kira Umma. Da damina ta kankama, Farin Nilu ya cika ya batse, sai wayar Baba ta ɗauke. Umma ta dinga ƙirƙiro sayen gishirin da ba ma buƙata don kawai ta je kanti. Kaka ta rage cin abinci, ta ƙara yawan nafila.

Wata ranar da hantsi, bayan an kwana ana ruwa, tasi ta sauke wani baƙo a ƙofar gidanmu. Gajere ne, fuskarsa a sake, da riga iya gwiwa da dogayen safa da suka sha taɓo. Ina ganinsa na san daga inda ya fito. Babu namiji a gidan, daga Kaka sai Umma sai ni. Ba ya jin Larabci balle Hausa, mu kuma ba mai jin Turanci. Ya ambaci sunan Baba, ya dafa ƙirjinsa, ya nuna sama da yatsa. Sannan ya ciro wani dogon farin ƙyalle, ya tallabe shi da hannu biyu, ya sunkuyar da kai, ya rataya wa Kaka a wuya.

Kai ma ka san abin da farin ƙyalle yake nufi a wurinmu: likkafani, ko farin mayafin da matan Sudan ke sawa in suna takaba. Umma ta kurma ihun da ban taɓa jin irinsa daga bakinta ba. Kafin ka ce kwabo gida ya cika da mata suna kuka, maza na shigowa suna ɗaga hannu suna Fatiha, wani har ya tafi neman rumfar makoki.

Kaka ba ta yi kuka ba. Ta damƙe hannun baƙon, ta ce, "Ina gawar? Kun ƙone shi?" Ta maimaita da Larabci. Bawan Allahn ya rasa abin yi, sai ya gyaɗa mata kai don ladabi. Nan na raɓe bayan randa, fitsari na bin cinyata, ko kunya ban ji ba. Abin da nake gani kawai Baba ne ya zama hayaƙi a kan wani dutse mai sanyi, ba wanka, ba sallah, ba wanda ya san shi.

Mai kanti ne ya yi dabarar buga wa Baffa waya, ƙanin Baba, mai sayar da kayan fata a kasuwar Umdurman, wanda ya tsinci Turancinsa wurin ciniki da baƙi. Kafin ya tsallako gada ya iso, azahar ta wuce, har an ɗora tukunyar masu gaisuwa. Ya durƙusa gaban baƙon suka yi ta fama. Can sai Baffa ya dafe kai.

"Ya Yumma, wallahi Yaya lafiyarsa ƙalau! Dutse ne ya zaftare ya datse musu hanya da waya. An mai da shi aiki can saman tsauni, shi ne yake nuna muku. Ƙyallen kuma girmamawa ce, babba suke rataya wa. Abokin aikinsa ne, wata hidima ta kawo shi Khartum, shi ne ya biyo da gaisuwa."

Matan da suka fi kowa kuka su suka fi kowa dariya. Baƙon da ya gane ɓarnar da ya yi, shi ya karɓi kukan, Baffa na ta ce masa ma'alesh, wato ba komai. Abincin makokin da shi aka ci, har ya roƙi ƙarin barkono.

Kaka ba ta yi dariya ba. Ranar da waya ta dawo, da kanta ta taka har kanti, ta karɓe ta daga hannun Umma. "Ka dawo," ta ce. "In ma mutuwar ce, ka zo ka yi ta inda za a san kabarinka." Baba bai ja da ita ba. Ya bar aikin da bai sake samun irinsa ba, ya dawo. Ni na fi kowa murna, na ɗauka tsoro ya ƙare ke nan.

Kaka ta sami abin da take so. Baba da hannunsa ya sa ta a kabari a Umdurman, kusa da ubanta. Yanzu kuwa duniya ta sauya, 'yata kan nuna mini tsaunukan Butan a wayarta, in gan su lafiya lau, kore shar. Khartum ce ta kama da wuta. Da yaƙi ya ci unguwarmu muka gudu da yara, Baba ya ce shi ya gama tafiya, ba inda za shi. Ciwo ya kama shi, babu magani. Hanyar maƙabarta a rufe take, sai maƙwabta suka binne shi cikin gaggawa a wani fili, daga baya su ma suka watse.

Da na koma Kalakla na bi gida-gida ina tambaya, kowa da filin da yake nuna mini. Baba ya dawo kamar yadda aka umarce shi, a unguwarmu ya rasu, kuma har yau ban san inda zan tsaya in yi masa addu'a ba.