Ajiyar Badamasi Mai Hoto

Shekara tara shagon ɗinkina yana manne da na Badamasi mai hoto a Birnin Kudu, don haka ba labari aka ba ni ba. Ɗan Surko ne. Da noman gero ya tashi, amma tun ranar da ya rataya kyamara a wuya ya daina gaisawa da manomi da hannu biyu. Biki ko suna, daga nan har Gwaram, shi ake kira. Hannunsa yana da kyau a aiki, wannan ba zan hana shi ba. Bakinsa ne matsalar.

Abin da ya fi tinƙaho da shi shi ne ajiya. Ko ba ka tambaya ba sai ya gaya maka cewa hoton da ya shiga kyamararsa ba ya ɓata har abada, domin ban da kwamfutar shago, wuri uku yake adana aikinsa. Memori ɗaya yana Basirka wajen ƙanensa Jafaru ɗan acaɓa, ɗaya yana Surko wajen mahaifiyarsa Dada, ɗaya kuma yana Kano wajen abokinsa Saifullahi. Yana faɗa yana ɗaga yatsu uku, sai ka ce shi ya ƙera memorin. Na taɓa tambayarsa ko yakan leƙa ya ga lafiyarsu. Ya dube ni ya ce in tsaya a kan zare da allura.

Da daminar bara ruwa ya zubo ta rufin shagonsa ya kashe kwamfutar, ko a jikinsa. Ya sayi wata, ya ci gaba da ɗaga yatsu.

Bayan girbi wata mata mai suna Zuliha ta zo daga Kangire. Mahaifinta, Malam Ishiyaku, ya rasu wata biyu da suka wuce. Dattijon bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba sai sau ɗaya, ranar ɗaurin aurenta, shekara shida baya, kuma Badamasi ne ya ɗauka. Wanda aka wanke mata a lokacin gara ta cinye shi. 'Ya'yanta biyu ƙanana ne, tana so su tashi da sanin fuskar kakansu. Badamasi ya ce mata ta kwantar da hankalinta, ta dawo ranar Lahadi.

Ya fara da Basirka. Jafaru ya karɓe shi da fara'a, ya nuna masa memorin a cikin 'yar rediyon da ke ɗaure a kan babur ɗinsa. Ashe tun makon da aka ba shi ajiyar ya kai wa masu turi a tasha, suka goge komai suka cika masa da waƙoƙi. Da Badamasi ya fara faɗa, Jafaru ya ce shi fa an ce ya riƙe, kuma ga shi ya riƙe, bai yar ba.

A Surko, Dada ta fi kowa riƙon amana. Ta ƙulle memorin a tsumma, ta jefa shi cikin gwangwanin da take ajiye kanwa da gishiri, don nan ne ba mai taɓa mata. Damina shida suka bi ta kansa. Da aka kwance ƙullin, ƙarfen jikinsa ya yi kore, ba wayar da ta yarda ta karanta shi.

Saura Kano. Saifullahi ya ba direban mota saƙon a cikin ambulan, memorin tsaf kamar yau aka saya. Ranar Lahadi Badamasi ya sa shi a kwamfuta a gaban Zuliha, har ya ƙwala mini kira in zo in ga aikin masu ilimi. Na ajiye almakashi na je.

Hoto ɗari huɗu da wani abu ne a ciki, kuma kowanne Badamasi ne. Badamasi da babbar riga, Badamasi ya dafa motar wani Alhaji, Badamasi yana miƙa wa wani ɗan siyasa hannu. Ashe da zai aika da ajiya birni sai ya zauna ya tace, ya zaɓi abin da a ganinsa ya isa zuwa Kano. Raina ya ɓaci har na kasa yi masa dariyar da na zo da ita.

Zuliha tana ta kallo Badamasi yana wucewa da su da sauri, gumi yana keto masa. Can ta ce ya tsaya, ya koma baya. Hoton ranar aurenta ne. Badamasi ya ba wani kyamarar ya ɗauke shi, ya cika gaban hoton yana washe baki. A bayan kafaɗarsa, can gefe, ga wani dattijo zaune a kan tabarma, rabin fuskarsa kawai ya fito, da farar hula da carbi a hannu.

Ta daɗe tana dubansa, sannan ta share ido da bakin mayafinta.

"Malam Badamasi, wanke mini wannan," in ji ta. "Amma ka yanke kanka daga ciki."

Da almakashina aka yanke shi.